Saitin Malam na Ƙarshe

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Gyadi-Gyadi suka sani da Malam Habu mai ƙafa. Ƙafar mota ake nufi, wato tayoyin gaba da duk ƙarafan da ke riƙe da su har zuwa sitiyari. Ni dai tsawon zamanmu Malam nake ce masa, ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, yau ma da na rubuta shi sai da na ji wani iri. Shi kuma Sista yake ce mini saboda aikin jinya da na yi har na yi ritaya, kuma ko a gaban surukai bai fasa ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abinci nake dafawa a kai sadaka, a yi masa addu'a, in koma ɗaki in yi shiru. Bana na ga gara in rubuta, domin wani abu ya faru tsakanina da motar da ya bar mini, ya tayar mini da abin da na daɗe ina dannewa.

Motar tsohuwa ce, doguwa, a da fara, yanzu kuwa launinta sai an yi gardama. Tun tsakiyar damina ta soma ƙara a gaba, ta ɓangaren dama. Da fari sai na faɗa rami nake jin ta, daga baya ko tsakuwa na taka sai ta amsa. Abba, ɗanmu na fari, malamin makaranta ne, yana zaune a Unguwa Uku da iyalinsa. Wata ranar Asabar ya ajiye babur ɗinsa a gidana ya raka ni cefane, kafin mu dawo fuskarsa ta sauya. Muna shiga gida ya durƙusa kamar mai neman gafara, ya ce ɗayan biyu: ko in yarda a kwance ƙafar motar nan a gyara, ko ya tafi da makullin. Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri. An canza wa motar nan taya, an canza batir, har injin an taɓa, ban ce uffan ba. Amma ƙafa, saitin da ke jikinta shi ne aikin Malam na ƙarshe a duniya, kuma da zarar an ɗora sifana a kan notin nan, shi ke nan ya tafi.

Wanda bai san Malam ba zai ce rigimar tsohuwa ce kawai. To bari in faɗi yadda yake aiki.

Malam ba ya karɓar makullin mota. Idan ka kawo masa motarka ka ce tana ƙara, ba zai ce ajiye ka dawo anjima ba. Wanke hannu zai yi, ya shimfiɗa tsumma a kujerar gefen direba don kada ya ɓata maka ita, ya ce ja mu je. Kai za ka tuƙa, shi nasa saurare. Yana da hanyarsa da ba ya canzawa: a fara da wani layi marar kwalta a Unguwar Gano, mai ramuka kamar an yi da gayya, a fito a zagaya shataletale, sannan a miƙe titi wajen Hotoro, inda zai ce ka sassauta hannu daga sitiyari a ga inda motar take son zuwa da kanta. A hanya zai yi ta tambaya. Yaushe ta fara? Da safe ta fi yi ko in ta yi zafi? Da kaya ko babu kaya? Ka taɓa dukan gefen kwalbati? Wa ke zama a nan inda nake zaune? Idan mai motar ya buɗe rediyo, Malam zai miƙa hannu ya kashe ba tare da ya nemi izini ba, ko da Alhaji ne mai babbar riga.

Na sha tsokanarsa cewa ya sace mana sana'a, domin haka muke yi wa marar lafiya tambayoyi kafin a taɓa shi. Sai ya ce ai nasa marasa lafiyar sun fi nawa gaskiya, ba sa ɓoye abin da suka ci. A kan tabarma, wajen cin tuwo, na koyi rabin aikinsa ba da niyya ba. Ƙara mai nauyi, dum, idan an faɗa rami, yawanci shokazoba ce ta mutu. Ƙaramar ƙara mai ƙwas-ƙwas a kan hanya marar kyau, roba ce ta cinye, ƙarfe yana taɓa ƙarfe. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Idan kuwa ka juya sitiyari a tsaye ka ji kuka irin na tsohuwar ƙofa, to a nan Malam yake daina wasa, domin boljoyin ne, gaɓar da ke riƙe da taya. Ya ce lalacewar inji tsayar da mutum take yi a gefen titi ya yi ta tsaki, amma idan gaɓar nan ta fita, tayar naɗewa take yi ana cikin gudu. Ya taɓa zuwa janyo irin wannan motar a hanyar Zariya, ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Bayan an gano ciwo an canza abin da ya lalace, sai a zo saiti, abin da yaran yanzu ke kira alaimen. Malam da zare yake yi. Zai fara duba iskar tayoyi, domin ya ce an sha zagin ƙarfe a kan laifin iska. Sai ya ja farin zare daga tayar baya zuwa ta gaba, hagu da dama, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya. Abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'ar shi ne, ba ya saita mota babu kowa a ciki. Dole mai ita ya zauna a kujerarsa. Idan kullum da matarsa yake fita, to a je a zo da ita, ko a samo mai nauyinta. Hujjarsa ita ce tsohuwar mota ta riga ta yi laushi, nauyin mutum yana kwantar da ita gefe, idan ka saita ta a wofi ka saita wa wanda ba ya nan. Wasu abokan sana'arsa suna cewa tsirfa ce kawai, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ban san wa ya fi gaskiya ba. Na dai san direbobin haya daga Tarauni har Hotoro sun yarda su zauna cikin rana kamar masu jiran tela ya gama awo.

Matsalar ita ce tamu motar. Malam ƙato ne, Allah Ya yi masa jiki, kuma ba zai yiwu ya zauna a kujera ya kuma kwanta a ƙarƙashi lokaci guda ba. Sai ya samo dabara. Yakan aro buhun siminti biyu wurin maƙwabcinsa mai kayan gini, a jibge su a kujerar direba, ni kuma a kira ni in zauna a tawa kujerar ta dama. Haka zan zauna da mayafina da jakata, kusa da siminti, masu wucewa suna leƙe suna dariya. Mai shayin bakin garejin har gaishe da buhunan yake yi, ya ce Malam ina gajiya. Ina jin kunya kamar in nutse, amma ban taɓa ƙin zuwa ba. Daga nan na samu abin tsokana: duk sanda ya ƙara loma sai in ce a yi hankali, kada a kai buhu uku.

Ciwon ƙoda ne ya zo ya kwashe buhunan nan. A cikin shekara guda rigunansa suka koma kamar na aro. Da aka fara yi masa wankin ƙoda, ya zama ba ya iya tuƙi bayan an gama, sai ya ce in zo ya koya mini mota. Na haura hamsin a lokacin. A wani fili bayan makarantar firamare muka yi ta fama, ina kashe mota yana salati, ina taka birki a inda ba a ce ba yana riƙe ƙofa. Bai taɓa yi mini tsawa ba, sai dai ya ce Sista, allura ma ai da koyo kika iya. Haka na zama direbansa. Muka yi musayar kujera, ni a hagu, shi a dama da filo a bayansa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da sakamakon gwaje-gwajensa ke faɗi. Shi ma ba yaro ba ne, yana ganin ƙafafunsa. Amma a gidanmu ba a yi maganar ba. Ni ina cewa da sauƙi, shi yana cewa alhamdulillahi, muka yi ta lallaɓa juna a haka.

Wata safiya ya ce in kai shi gareji, motar tana ja gefe tun da na karɓi tuƙi, kuma gaskiya ne, kullum sai na riƙe sitiyari da ƙarfi. Lokacin Rabi'u ne ke riƙe da wurin, wanda ya koyi aiki a hannun Malam har ya yi aure ya hayayyafa. Aka kawo wa Malam benci ya zauna, domin tsugunno ya gagare shi. Rabi'u ya shiga ƙarƙashi, Malam yana riƙe da bakin zare yana ba da umarni. Ni ina kujerar direba. Da na ga za a fara ɗaure noti, sai na leƙo ta taga na tuna masa da dokarsa.

Na ce, "Malam, ai ba ka shigo ba. Zo ka zauna a wurinka, tunda tare muke fita."

Bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, "Bar ta haka, Sista. Haka za ki riƙa tuƙa ta."

Rabi'u ya daina motsi a ƙarƙashin mota. Mai shayi ya juya baya yana goge kofin da ya riga ya goge. Ni kuma na kama sitiyari da hannu biyu na zuba wa gilashi ido, hawaye yana zuba ban share ba, don kada motsina ya ɓata musu awo. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan mutuwarsa ke nan. Bai ga azumin shekarar ba.

Motar kuwa ta miƙe sak. Shekara shida ina sakin hannu a titin Hotoro ina kallon ta tana tafiya ita kaɗai, ni kaɗai a ciki, kamar yadda ya tsara. To a gaya mini, ta yaya zan miƙa wa wani sifana in ce kwance?

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga garin yanzu. Garejinsa na Gyadi-Gyadi ya zama shagunan sayar da waya. Titunan sun cika da adaidaita sahu, yaran da suka zo daga ƙauye jiya yau suna kurɗawa ta inda ko akuya ba za ta bi ba. Na san zai yi mita a kan tudun rage gudu da kowane layi yake gina nasa yadda ya ga dama, wani kamar kabari, domin ya sha cewa su ne ke ba shi abinci kuma su ne ke ba shi haushi. Zai yi mita a kan kayan gyara, sabo a kwali yana ƙyalli amma ba ya kai damina biyu. Zai yi mamakin matasan da ke naɗar ƙarar motarsu a waya su tura wa makaniki, a faɗa musu ciwon ba a ga marar lafiya ba. Amma ba na jin zai ƙi na'urar saiti ta zamani. Malam ba mai gaba da sabon abu ba ne, kuma gwiwoyinsa sun sha wuya a kan tsakuwa. Ina jin zai zagaya ta sau biyu, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya tambayi mai ita ko ta san nauyin direba.

Abba bai ɗauki makullin ba, kunyata yake ji. Sai ya sauya salo. Ya daina kawo mini jikokina ranar Juma'a, domin ya san nakan zuba su a baya mu tafi shan iska. Bai ce don mota ba ne, ni ma ban tambaya ba, amma gidan ya yi mini faɗi. Na yi fushi sosai, har na ƙi ɗaga wayarsa. Daga baya na zauna na yi wa kaina tambayoyin da Malam zai yi. Yaushe ta fara? Tun damina. Tana ƙaruwa? Tana ƙaruwa. Na fita tsakar gida na tayar da motar, na juya sitiyari a tsaye. Sai ga kukan tsohuwar ƙofa, ƙarara. Na daɗe ina jin sa, rediyo nake ƙara wa murya.

Akwai kuma abin da ban gaya wa Abba ba a lokacin. Yanar ido ta fara rufe mini idon hagu. Da hantsi lafiya lau nake gani, amma idan rana ta yi sanyi sai masu babur su riƙa fito mini kamar daga ƙasa. Likitan ido ya ce za a yi aiki, kuma ko an yi, shekaru ba sa komawa baya.

Na kira Abba na ce ya zo mu je wurin Rabi'u. Yanzu Rabi'u yana da shagonsa a Tarauni, da rami na siminti da na'ura mai allo. Furfura ta fito masa a gemu. Yana ganin motar ya miƙe tsaye, ya gaishe ni har ƙasa, ya shafa gefenta. Sai na ga ya wanke hannu ya ɗauko tsumma ya shimfiɗa a kujerar dama, ya ce Hajiya ja mu je. Abba ya shiga baya. Muka bi layin Unguwar Gano, wanda har yau ba a yi masa kwalta ba, muka zagaya shataletale, muka miƙe Hotoro. Ko rabin layin farko ba mu yi ba ya ce in tafi a hankali, don Allah.

Da muka dawo ya ɗaga ta a jak, ya kira ni ya ce in kama tayar dama, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, in girgiza. Na girgiza. Ta yi lakwaf-lakwaf a hannuna kamar haƙorin yaro da ya kusa fita. A kan wannan tayar fa na riƙa ɗaukar 'ya'yan Abba. Rabi'u ya nuna mini cikin tayar, ya cinye har waya ta soma leƙowa. Ya ce saitin Malam ya daɗe da tafiya, ƙarafan da aka yi shi a kansu sun saki tun tuni, abin da nake gadi babu shi. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ƙara da cewa da Malam zai ga motar nan a haka, shi Rabi'u zai fara ci wa mutunci, ya ce ina yake har aka kai nan.

Ban yi gardama ba. Na zauna a benci suka kwance, suka canza gaɓar da robobin, na ga notin da Malam ya sa aka ɗaure yana juyawa baya. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma zafin bai kai yadda na yi shekara shida ina tsoro ba.

Da aka zo saiti, aka hau da ita kan na'ura, aka maƙala wasu ƙarafa a tayoyin. Rabi'u ya ce littafin na'urar bai ce a sa mutum a ciki ba, amma shi a shagonsa ba a saita mota a wofi. Ya buɗe mini ƙofar direba.

Ya ce, "Hajiya, bismillah. A bar ɗaya kujerar haka, kamar wancan karon?"

Na tsaya da makulli a hannu. Sai a lokacin na gane abin da Malam ya yi a kan bencin nan. Bai saita motar don jiyan da muka saba ba, ya dubi abin da ke tafe ne ya saita ta a kai, ko da yake abin da ke tafen babu shi a ciki. Na juya na dubi Abba. Yana tsaye ya harɗe hannu a baya, ga ƙeya, ga kafaɗa, ga tumbin da matarsa ta yi ta fama da shi. Ban san yaushe ya zama haka ba. Buhu biyu cif.

Na miƙa masa makullin na ce, "Shiga nan." Na zagaya na buɗe ƙofar dama, na zauna a tsohuwar kujerata, na ɗora jakata a cinya. Abba ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya yi shiru ya zauna daidai, kada ya ɓata wa mutane awo.

Yanzu motar tana kwana a Unguwa Uku. Shi ke kai ni asibitin ido, shi ke kai ni gaisuwa da biki, ranar Juma'a kuma yaran suna cika bayan da surutu. Idan na auna abin da ya rage na Malam, ba gareji, ba zare, ba notin da ya ɗaure. Akwai Rabi'u da tsummansa, akwai direbobin da har yau suke kashe rediyo idan sun ji baƙuwar ƙara, akwai ɗa mai ƙeyarsa wanda ya gwammace in yi fushi da shi da ya bar ni a kan tayar da za ta naɗe. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta da tsugunno.

Wani lokaci da hantsi, idan ido ya yi mini kyau, nakan karɓi makullin in zagaya unguwa ni kaɗai. Idan na sassauta hannu, motar tana ɗan ja zuwa dama, wajen kujerata. Abba ya ce a mayar wa Rabi'u ya duba. Na ce a bar ta haka.